Ƙarfen Bayan Motar Shanu

Zazzaɓi ne ya kayar da ni bayan la'asar, a rana ta uku ta tseren kekenmu na hawan Mambila. A wani ajin firamare aka sauke mu a Maisamari. Mutum goma kacal za su ci gaba zuwa Gembu. Ni ne na goma, aminina Sallau na sha ɗaya, an ce ya tattara ya koma gida. Abin da alƙalan tseren ba su gani ba shi ne, a kwanar da ta fi wuya na kama ƙarfen bayan wata motar shanu da ke komawa ba kaya, ta ja ni na wuce shi. Da wannan a raina na miƙe a kan benci, barci ya ɗauke ni.

Sai ga ni a gindin wani dutse wanda ba a ganin kansa. Kwalta ta nannaɗe shi, tana numfashi, tana tsatsar wani ruwa mai ƙarni. Wata ungulu ta sauko gabana sanye da rigar alƙali, da usur a wuya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in hau kekena, ana jirana a sama.

Na taka feda, ƙafafuna suka yi yauƙi kamar dafaffiyar kuɓewa. Sarƙar keken ta saki dariya. Ta ce ita ta gaji da yin ƙarya a madadina, in nemi abin da na saba kamawa.

Ko da na ɗaga kai, ashe layi ne na mahaya har cikin gajimare, kowa ya riƙe bayan rigar na gabansa, babu mai tuƙi ko ɗaya. Ƙattai da tumbi, sun ci ado, suna hira suna sakace haƙora. Tir! Na ce wa ungulu ni ba irin waɗannan matattun ba ne.

Ta ce, "Dubi hannunka."

Hannuna na dama ya manne da ƙarfe, kashin shanu ɗanye yana bin tsakanin yatsuna, tsutsotsi suna shiga ƙarƙashin farcena suna fita. Na yarfe, na goga a kwalta, na tofa masa yawu, ƙazantar sai ƙara hawa take yi har gwiwar hannu. Layin kuwa yana tafiya da ni, a sauƙaƙe, da daɗi ma. Daɗin nan ne ya fi komai ba ni ƙyama.

Muka ratsa gonar shayi da ke tsiro da kai ƙasa, muka wuce wani rafi da ke gudu zuwa sama. Duwatsun mil na gefen hanya duk sun juya mini baya. Na tambayi ungulu wace mota ce ke jan wannan tulin jama'a. Ta busa usur, gajimare ya tsage. Babu mota. Mutum ɗaya ne a gaba, ya duƙa a kan tsohon kekensa, jijiyoyin wuyansa sun fito, yana jan mu duka. Na gane ƙeyar Sallau.

A ƙolin dutsen aka tsayar da shi gefe, aka miƙo mini kofin azurfa cike da ruwa mai ɗumi, mai gishiri. Jama'a na tafi, suna cewa in shanye. Na tambaya mene ne a ciki.

Kofin da kansa ya amsa: "Guminsa ne. Ai ka riga ka fara sha."

Na zabura na faɗo daga kan benci.

Rana ba ta faɗi ba tukuna. A bakin ƙofar ajin Sallau yana tsugune, ya kifa kekena, ya cire sabuwar tayarsa ta baya yana ɗaura mini. Jakarsa a ɗaure take a gefe. Na matso kusa da shi na tsaya a kansa.

Bai ɗago ba. Ya juya tayar, ya saurari ƙararta, sannan ya ce, "Taka ta cinye, Ilu. Gobe hawan ya fi na yau, kuma an ce za a tare manyan motoci sai kun wuce."