Kabarin Mai Lasifika

"Gwamnati ba ta tambayar kowa addininsa, yana raye ko ya mutu," in ji jami'in rajista, yana gyara zaman tabaronsa. "Shekara tara ke nan da muka cire wannan layin daga fom. Ci gaba ke nan, malam."

Na yarda ci gaba ne. Ni ma na yi jami'a, har na taɓa rubuta shafi ashirin a kan wannan batu aka ba ni maki mai kyau. Matsalar kawai ita ce maƙwabcina yana ɗakin ajiye gawa tun jiya da hantsi, ƙanwarsa na zaune a bencin waje rungume da jakarta, kuma maƙabartar garin ƙofa biyu gare ta, ta Musulmi da ta Kirista. Mai gadi ba ya buɗe ko ɗaya sai an faɗa masa wacce.

"To wa zai faɗa masa, ranka ya daɗe?"

"Iyalan mamaci."

"Ba su sani ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "In ba a ɗauke shi ba kafin ƙarfe huɗu, motar hukuma za ta kai shi ramin waɗanda ba su da kowa. Na gaba!"

Mai Lasifika muke ce masa. Shekara ashirin da shida ɗakinsa na jikin nawa, teburinsa na ƙofar gida, cike da wayoyi da warin dalma. A kan teburin ya kife, sukudireba a hannu. Na san yawan sukarin da yake sa wa shayi, na san kunnen da ya fi ji da shi, amma ban taɓa tambayarsa inda yake fuskanta in zai yi magana da Ubangijinsa ba. Katin shaidarsa ma bai taimaka ba: sunan annabi ne da ke cikin littattafan biyu.

"Iya, da gaske ba ki sani ba?" na tambayi ƙanwar a hanyar gida.

"Ɗan nan, babanmu na masallaci, innarmu ta coci. Ni na bi inna. Yaya ya bar gida yana da sha bakwai. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce, 'Ke 'yar sanda ce?'" Ta share ido da bakin mayafi. "Ni dai kada a jefa shi inda ba zan gane wurin ba."

Mun tarar da Liman da Fasto a ƙofar gida, kowa ya zo ɗaukar nasa.

"Namu ne," in ji Liman. "Duk Juma'a yana sahun baya, ido a rufe, kai a karkace. Ban taɓa ganin mai sauraron huɗuba irinsa ba."

"Ikon Allah," in ji Fasto. "Haka yake zama a wurinmu duk Lahadi. Bencin ƙarshe, dab da akwatin sauti."

Telar da ke shagon kusa ta ɗaga ƙafa daga kan keke.

"Wai ku ba ku gane ba? Na'urarku yake saurare! Ba shi ya haɗa muku lasifikokin ba, ku duka? In ya ji tana tsuwwa ya tashi ya murɗa."

Liman ya shafa gemu. "Lallai yakan tashi a tsakiyar huɗuba. Na ɗauka kuka yake zuwa yi."

"Amma ka ga ya yi sallah, Allah gafarta Malam?" na ce.

"Ni a gaba nake tsayawa. Baya nake ba su."

Muka juya ga Fasto.

"Ni kuma in ana addu'a idona a rufe yake."

Sai muka shiga ɗakin mamacin, mu biyar, da ƙwazon da ba mu taɓa nunawa ba lokacin da yake tari. Ba carbi, ba gicciye. Akwai fis-fis na lantarki a jere cikin gwangwani, ƙarami zuwa babba. Akwai hoton iyayensa, kowa na kallon gefensa. Akwai tabarma guda, wadda za a iya sallah a kanta, za a kuma iya barcin rana. Tela ta duba goshinsa a wani tsohon hoto, Fasto ya leƙa ƙarƙashin matashi, ni na buɗe har tukunya.

"Ba zan rantse a kan abin da ban gani ba," in ji Liman. "In na Fasto ne na kai shi wurinmu, na zalunce shi."

"Ni ma haka, Malam. Ka riga ni faɗa."

Ban taɓa ganin mutum biyu suna yi wa juna kara a kan gawa haka ba. Agogo kuwa ya wuce ɗaya.

Na kira jami'in a waya. "Ranka ya daɗe, ku zaɓa masa kawai."

"Subha..." Ya haɗiye sauran, ya tuna yana ofis. "Gwamnati ta zaɓa wa mutum addini? So kake a kai mu kotu?"

Muka tafi maƙabartar, ko mai gadi zai ji tausayi. Bai ji ba, makullai biyu ya nuna mana. Iya ta zauna a ƙasa.

Wani tsoho mai haƙar kabari, da ke jingine da katanga tun zuwanmu, ya yi gyaran murya.

"Akwai fili tsakanin katangun nan, taku huɗu. Na hukuma ne, ba na kowa ba. Ba ya son makulli."

"Baba, me ya sa ba a binne kowa a wurin?"

"Dutse ne a ƙasa."

Na sake kiran jami'in. Murna ta cika muryarsa. "Ka gani? Tsarin yana aiki." Ya buga hatimi, asibiti ta ba mu gawa saura minti ashirin ƙarfe huɗu ta cika.

Tsohon ya fara tun kafin biyu. Duk saran diga sai ta yi tartsatsi ta dawo masa. Na karɓa na sara uku, na tuna ina da ciwon baya. Liman da Fasto suka kwashe tsakuwa da hannu har rigunansu suka canza launi, amma digar ɗaya ce, kuma shi kaɗai ya san inda dutsen ke da gaɓa.

Rana ta yi ja kafin a sa mamacin a ramin. Liman ya tsaya jikin katangarsa, Fasto jikin tasa, leɓunan kowa na motsi. Iya ta ɗora dutse a wajen kai, ta ƙirga taku daga bakin hanya, ta sake ƙirgawa.

Da muka juya za mu tafi, tsohon na zaune a kan tarin ƙasa. Tela ta miƙa masa kofin ruwa. Yatsunsa suka ƙi naɗewa, tafin duk ya fashe. Sai ya matse kofin tsakanin wuyan hannayensa biyu, ya sunkuyar da kai ya sha.