Zomaye Marasa Lamba

Tun kafin motar ta gama tsayawa ta ɓalle ƙofa ta diro, takardar na hannunta cikin leda don kada gumi ya ɓata hatimin. Yayanta, wanda ya aro motar a wurin aikinsa ya cika bayanta da kejuna, ya leƙo ta taga.

"A hankali, Uwar Zomaye. 'Ya'yan naki ba inda za su, a kulle suke."

Shekara huɗu ke nan ana kiranta da sunan nan, har ya daina yi mata ciwo. Da can ita ma ma'aikaciya ce a wannan cibiyar bincike, ita ke riƙe zomo a yi masa allurar sabon magani a ga yadda zai kwana. Da ta ajiye aikin sai ta shiga rubuce-rubuce da zaman kwamiti. Ta faɗa har muryarta ta dushe: jikin zomo ba jikin mutum ba ne, sau nawa magani ya yi aiki a keji ya je gadon asibiti ya ƙi, kuma akwai hanyoyin gwaji da ba sai an azabtar da mai rai ba. Masu kirki su ce Allah ya taimaka. Marasa kirki su ce mutane na mutuwa a layin asibiti, ita tana makokin naman miya.

Ba ma maganarta ce ta rufe sashen gwajin zomayen ba, ta san haka. Manya ne suka ga ginin zai fi kyau da ofisoshi. Abin da ta samu bayan duk wannan wahala layi biyu ne a takarda: cikin zomaye arba'in da suka rage, goma sha biyu ba a taɓa yi musu allura ba, an ajiye su ne don kwatance, kuma za a ba ta su. Sauran kuwa, magani ya shiga namansu, yau za a kashe su don kada wani ya yanka ya ci. Da babu gara ba daɗi.

Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, da warin fitsari da na dusa, da fankar da ke juyi kamar an yi mata dole. Baba, tsohon da ya shekara ashirin yana share kejunan, ya tarbe ta da dariya.

"'Yata! Ashe za ki dawo mana."

"Na dawo ɗaukar kaya, Baba. Ina Likita?"

Likitan dabbobin ya shigo da jerin lambobin zomaye goma sha biyun nan a hannu. Mutum ne mai sanyin magana, bai taɓa yi mata gatse ba ko a lokacin da take caccakar sashensa a jarida. Ya buɗe keji na farko, ya kama kunnen zomon, ya juya shi. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Sannan ya cire tabarau ya dubi tsohon.

"Baba, ina lambobin kunnensu?"

Baba ya janyo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci ya girgiza shi. Ƙananan ƙarafa suka yi kacau-kacau.

"Ga su nan, ranka ya daɗe, ko ɗaya bai ɓata ba. Tun da masu binciken suka kwashe kayansu ba wanda ya sake leƙowa. Ƙarfen nan yana cin kunnensu, har ruwa yake yi. Na ce tunda aiki ya ƙare, me ya yi saura? Na cire."

"To katin da ke jikin keji?"

"Ai na sassauya musu wuri. Ɓangaren taga rana na dukansu."

Garin neman gira an rasa ido.

"A gwada jininsu, Likita," in ji ta.

"Da me, Malama? An kwashe na'urorin tun makon jiya. Ƙarfe huɗu zan miƙa makulli."

"Ni na san su!" Baba ya dafa ƙirji. "Yadda na san 'ya'yan cikina. Wancan Mai Gemu ne, waccan Amarya, ga Shugaba can, ci da barci kawai ya iya. Wallahi ko a duhu zan ware muku su."

Yayan, da ya gaji da zama a mota ya shigo, ya sa baki. "Haba Likita, tsoho ya rantse. Zomo ne fa, ba takardar gado ba."

Likita ya daɗe yana kallon jerin da ke hannunsa. Ta ga yana neman hanya, kuma a karo na farko a ranar ta ji wani abu mai kama da sa rai.

"To, nuna min su."

Baba ya bi layi yana taɓa ƙofofin kejuna ba tare da ya tsaya tunani ba, Likita na bin sa yana sa alama da alli. Da suka kai ƙarshe Likita ya ƙirga. Ya koma ya sake ƙirgawa.

"Goma sha uku, Baba."

Likita ya juyo ya fuskanci tsohon.

"Wanne ne ƙarin?"

Baba ya sunkuyar da kai. Idonsa ya kai kan kejin Shugaba ya dawo da sauri. "Ban ce na sani ba... wataƙila lissafi ne ya ruɗe min."

"Idan lissafi ya ruɗe, ban san na wa ya ruɗe a kai ba. Idan kuma ka sani ka saka, yaya zan yi da sauran maganarka?" Likita ya ninke takardar. "Ɗaya ya fita ya shiga tukunyar wani, yaro ya ci, ni ne zan amsa. Ki yi haƙuri, Malama. Ba zan iya sa hannu ba."

Ta so ta yi masa ihu, amma ba ta ga kuskure a abin da ya faɗa ba. Tsohon ta juya ta kalla, da wani irin haushi da ya ba ta kunya. Dama zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Baba yana tsaye rungume da gwangwaninsa, hawaye na bin gemunsa.

"Tausayi na ji, 'yata."

"Na sani, Baba."

Likita ya shimfiɗa tawul a kan tebur ya jera sirinji arba'in na allurar kisa. Ya ce yana bukatar mai riƙewa. Baba ya ce shi kam ba zai iya ba. Sai dai a kirawo leburorin da ke kwashe kujeru a waje, waɗanda za su ɗaga zomo ta kunne yana shure-shure har allurar ta kauce a sake.

Ta dubi yayanta. "Yaya, ka mayar da motar. Zan hau ta haya."

Ya buɗe baki zai yi wasan da ya saba, ya rufe. Ya juya ya fita.

Ta wanke hannu, ta zura farar rigar da ke rataye a bayan ƙofa. Baba ya ɗauki tsumma ya bi kejunan ɗaya bayan ɗaya yana goge allin.

"A gauraye zan riƙa miƙo miki su," ya ce, bai ɗago ba. "Don kada ki san wanne ne wanne."

Ta karɓi na farko, ta tallafe shi a ƙirji, ta rufe masa ido da tafin hannu har zuciyarsa ta rage bugu. Kunnensa ya warke sarai, sai ɗan tabo. Ba ta tambayi sunansa ba.