Karan Alkamar Tanka

Tun ranar da Mai Walda ya sayi tsohuwar a-kori-kura, dokinsa ya daina jan amalanken ƙarafa. Aiki ya tsaya, ci bai tsaya ba. Dusa da safe, harawa da rana, rake a tafin hannu duk sa'ad da maigidan ya gifta. Kafin shekara dokin ya zama kamar randa, maƙwabta suka sa masa suna Tanka.

Wata safiya Mai Walda ya leƙa barga a bayan shago, ya tarar Tanka ya turo ƙafafun gaba, ya jingina baya kamar mai neman kujera. Ya kira likitar dabbobi. Ta dafa kofato, ta ji shi da zafi zau.

"Kofaton ya kumbura daga ciki, kuma ƙiba ce ta jawo," in ji ta. "In ciwon ya sake tashi da ƙarfi, ba zai iya tsayuwa ba. Sai dai allurar da ba a farkawa."

Mai Walda ya dubi dokin. Shekara goma sha huɗu suna tare.

"Ba dusa, ba harawa, ba rake. Ciyawa kaɗan, ka gauraya da busasshen karan alkama, a hankali kada cikinsa ya ƙulle. Kara cika ciki yake, ba ya sa kitse. Zai yi fushi da kai, ka daure."

Ta zagaye cikin dokin da tef irin na tela, ta rubuta awon da alli a bango, ta ce bayan sati shida za ta dawo.

Kara bai yi wuya ba. Ƙanin matarsa yana da injin sussuka, ya aiko mota guda, aka jibge a tsakar gida aka rufe da tamfol. Tanka kuwa bai yi fushi ba. Ci yake yana kaɗa wutsiya. Bayan sati biyu Mai Walda ya auna, ya ga ƙarin yatsa biyu. Ya ce a ransa, tunda kara ne ke ramarwa, kara ne bai isa ba. Ya ninka. Tanka ya ƙara yatsa guda.

"Ke, Maman yara, tsakaninki da Allah, me kike ba dokin nan a bayan idona?"

"Ni? Wa ke kiransa ɗan baba yana sa masa rake a baki?"

"Wannan da ne."

"To ka tambaye shi mana, tunda kuna hira. Ku biyun dai tumbinku ɗaya."

Mai Walda ya wuce shago. Ya ja injin walda, ya ƙera wa bargar ƙofar ƙarfe irin ta kurkuku, ya sa kwaɗo biyu, ya rataya makullan a wuya. Matar ta daina yi masa magana, sai dai ta dire kwano ta wuce.

Kwana huɗu ana haka, sai ga ta a ƙofar shago da rana tsaka.

"Baban yara, ajiye ƙarfen nan, zo ka ga ɓarayinka."

Ta ɗaga tamfol. Kajinta ne duka a ciki, suna ta tono. Zakaran ya yi yunƙurin hawa katanga, ya faɗo tim.

"Sati biyu ina watsa musu tsaba ba sa ko kallo," ta ce.

Mai Walda ya damƙi kara, ya murje a tafin hannu, ya hura. Ƙwayar alkama ce fal. Nan take ya buga wa ƙanin matar waya.

"Kai, wane irin kara ka aiko min?"

"Mai kyau, Yaya! Wanda injin bai cinye sosai ba na zaɓo. Na ce dokin Yaya guda ya ci kara zalla kamar ba shi da gata?"

Mai Walda ya kashe wayar. Matar tana tsaye, hannu a ƙugu.

"Dangina ne, ko? Faɗa mana."

Ya sa wayar a aljihu. Daga ranar, kullum sai ya baje kara a siminti, ya jibge shi da guntun rodi, ya saki kaji su tsince, kashegari ya kai wa Tanka. A nan ne dokin ya yi fushin da aka ce zai yi. In maigidan ya shigo, sai ya juya masa gindi.

Likita ta dawo, ta dafa kofato, ta ji shi da sanyi. Ta auna, ta dubi allin bango.

"Yatsa ɗaya kacal ya sauka. Amma ya sauka. Ka ci gaba, ba maganar allura."

Mai Walda ya juya yana goge ido, wai hayaƙin walda ne. Matar ta miƙo hannu.

"Likita, ara min tef ɗin nan. Baban yara, ɗaga hannuwanka."