Teburin da Na Kushe

Shekara goma sha tara ina aikin kafinta, amma yau in ka shigo layinmu ka tambayi shagon kafintoci, sai a ce maka, "Wai shagon Ɗan Bidiyo?" Ɗan Bidiyon nan ƙanin matata ne, autan gidansu. Ni na roƙi mai shago ya ɗauke shi shekara huɗu da suka wuce, lokacin ko riƙon zarto bai iya ba, kuma har gobe in ya yanka katako sai na bi bayansa na gyara. Abin da ya iya shi ne waya. Ya sayo wani ƙarfe mai ƙafa uku ya kafa a gefen bencina, ya ɗora wayar a kai, kullum tana kallon hannuwana.

Da farko dariya nake masa. Na ce kada ya kuskura ya nuna fuskata, ni ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Ya kuwa kiyaye. Hannuwana kawai ake gani, muryarsa na bayani, a ƙarshe ya leƙo da fuskarsa yana murmushi ya ce, "Aikinmu na yau ke nan." Aikinmu! Kafin in ankara mutum dubu arba'in na bin shafinsa. Wata ta rubuta, "Allah ya ƙara wa hannun nan albarka," shi kuma ya amsa da amin. Hannun mai tabon zarto a babban yatsa nawa ne, amin ɗin ce tasa. Ba zan ɓoye ba, kishi ya ci ni har na daina jin daɗin abinci.

Ana cikin haka wani sabon otal ya sanar yana neman shugaban kafintoci. Aiki ne na dindindin, da albashi, da asibiti ga iyali. Irin aikin da nake roƙon Allah tun gwiwoyina suka fara ciwo. Na kai takardata da ƙafata, mai gadi ya karɓa ya jefa a wani kwali ko kallona bai yi ba. Sati uku shiru. Sai na lura Ɗan Bidiyo ya fara fita bayan shago yana amsa waya ƙasa-ƙasa. Na koma gida matata ta tare ni baki har kunne.

"Baban yara, ka ji manajar otal ɗin nan da kanta ta nemi Auta ta shafinsa?"

Na ce, "Allah ya sanya alheri," na tura kwanon gefe.

Bidiyon da ya fi tashe a shafin na wani teburin cin abinci ne mai kujera takwas. Ni na yi shi daga farko har ƙarshe. Mai shi ya matsa mana zai tare a sabon gida, busasshen katako ya ƙare, sai na yi ƙafa ɗaya da ɗanye na rufe da fenti. Ban gaya wa kowa ba, ko mai shago. A ƙarƙashin bidiyon kuwa yabo ake ta zubawa, ana kiran Ɗan Bidiyo gwani.

Washegari da azahar na zauna kan tarin katako a bayan shago, na buɗe sabon shafi marar hoto, na sa masa suna Mai Ido. Na rubuta: "Ku daina yaudarar kanku. Ƙafar baya ta hagu ɗanyen katako ce. Wata shida ba za ta yi ba za ta tsage. Mai wannan aikin ba shi da amana." Kafin la'asar mutum ɗari uku sun danna alamar yarda. Ranar na ci abinci har da ƙari.

Bayan kwana biyar Ɗan Bidiyo ya shigo shago idonsa jajir. Bai kafa wayarsa ba. Ya ja kujera ya zauna gabana, ya ce, "Yaya, na so in yi maka albishir, ga shi an ɓata mini."

Na ci gaba da shafa gam kamar ban damu ba. "Ba su ɗauke ka ba?"

"Ni? Wane ni da shugabancin kafintoci? Tun ranar farko na gaya wa manajar hannun da take gani na yayana ne. Na ce ta nemo takardarka a kwalin mai gadi, ta nemo. Ta ce in turo aiki ɗaya da zai tsaya maka shaida, na tura teburin nan. Da Litinin ɗin nan za su kira ka. Ko matarka ban gaya wa wannan ba, don na san ba ta riƙe magana."

Gam ɗin ya fara bushewa a yatsuna, na kasa gogewa.

"Sai wani marar tsoron Allah ya yi rubutu a ƙasa," ya ce. "Manajar ta gani. Ta tura mutum gidan mai teburin ya duba, wai ƙafar ta riga ta fara tsagewa. Ta ce ba za ta damƙa ɗakuna ɗari biyu ga wanda ke rufe ɗanyen katako da fenti ba. Sun ɗauki wani. Wallahi Yaya, da na san wanda ya rubuta..."

Na ce, "Mutane ba su da kirki," muryata ko ni ban gane ta ba.

Ya sunkuyar da kai yana kallon benci. Ya ɗaga kai a hankali, ya dubi hannuwana, ya dubi fuskata.

"Mai shago ya rantse bai sani ba. Mai teburin ma bai sani ba. Ni da na tsaya a kansa kwana shida ina ɗauka, Yaya, ban san ɗanye ba ne sai da na karanta."

Na buɗe baki zan yi magana. Bai jira ba. Ya miƙe ya naɗe ƙarfen nan mai ƙafa uku daga gefen bencina, ya kai shi can ƙarshen shago inda yake yankan katakonsa a karkace, ya juya mini baya ya kafa.