Ranar Karya Fiffike

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a kan teburin gyaran agogo, saboda haka a wurinsa duk abin da ya karye asara ce, ko da tsinken ashana ne. Wannan bawan Allah ne ya kafe kai da fata sai ya bi ni wurin aiki ranar da za mu karya fiffiken jirgi.

Ni injiniya ce a kamfanin da ke ƙera sabon jirgin dakon kaya, irin wanda yake buɗe bayansa ya haɗiye motocin soja da na asibiti, ya je ya sauka a filin da ko kwalta babu. Rabona a cikin aikin shi ne kafaɗa, wato inda fiffike yake haɗuwa da gangar jikin jirgi. Na rage kaurin ƙarfen wurin, domin duk nauyin da jirgi ya ɗauka na jikinsa, kayan wani ne aka bari a ƙasa. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Sannu-Sannu a bayan idonsa, bai so ba. Mun sha fama kafin ya yarda, kuma da ya yarda ɗin sai da ya ce, "In ya ba mu kunya, ke za a cire daga aikin, ba ni ba."

Kafin a bar sabon jirgi ya tashi, ana lanƙwasa fiffikensa a ƙasa har sai ya karye. A allon gwaji akwai layi biyu, kore da ja. In ya karye kafin kore, ya yi rauni. In ya wuce ja bai karye ba, ƙarfe ya yi masa yawa, an yi jirgin da zai riƙa dakon kansa. Ni tsakiyar nake nema, kuma tsakiyar ba ta da faɗi.

Duk wannan na zayyana wa Baba a mota. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Uwata, ki daina yi wa aikinki mugun fata da bakinki."

Zauren gwajin ya fi filin ƙwallo girma. Jirgin yana tsakiya, babu inji babu fenti, an ɗaure shi da ƙasa, igiyoyin ƙarfe sun sauko daga sama sun kama fiffiken tun daga kafaɗa har tsini. Aka ba Baba hular kwano, ya ɗora ta a kan hularsa ya ce ba zai tuɓe tasa don jirgi ba. Muka zauna a ɗakin kallo, bayan gilashi mai kauri. Dogo, mai sarrafa injinan ja, ya waiwayo ya dubi Sannu-Sannu, shi kuma ya gyaɗa kai.

Fiffiken ya fara ɗagawa a hankali. Da farko sai ka ce ba abin da ke motsi, sai can muka ga tsininsa ya wuce fitilun bango. Fatar samansa ta fara yamutsewa. Kusoshi suna ƙara ƙas, ƙas. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Alamar da ke allo ta hau, ta hau, ta taɓa kore, ta wuce.

Wani a baya ya ɗan tafa.

Baba ya miƙe yana kakkaɓe riga. "To madalla. Sai a sauke shi ya huta."

"Zauna, Baba. Yanzu aka fara."

"Aka fara me? Ba ya ci jarrabawar ba?"

"Rabi ya ci."

Ya koma ya zauna yana dubana kamar ba shi ya haife ni ba. Dogo ya ci gaba da ja. Fiffiken ya lanƙwashe har ya daina kama da na jirgi, ya koma kamar reshen da yara suka rataya a jikinsa. A nan Baba ya ɗaga hannu biyu ya fara addu'a, ba a zuci ba, a fili, da muryar nan tasa da maƙwabta suka sani.

"Allah ka riƙe shi. Allah ka ƙarfafa shi. Allah kada ka bari ya karye a gaban mutane."

Alamar ta ci rabin hanya tsakanin kore da ja, fiffike ko gezau. Ni kuwa na san addu'ar Baba, na ga aikinta tun ina ƙarama. Na kama hannun rigarsa na ce ƙasa-ƙasa, "Baba, don girman Allah ka daina."

"In daina roƙa miki?"

"So nake ya karye. Yanzu nake so ya karye."

Ya sauke hannuwansa a kan gwiwa, ransa a ɓace, amma leɓɓansa ba su daina motsi ba. Sannu-Sannu, da ya ji komai, ya kawar da kai yana gyara gilashinsa, kafaɗunsa na rawa. Da a wata rana ce da na ji haushi. Ranar idona na kan jan layi, alamar tana matsowa kusa da shi har na fara tunanin yadda zan kwashe kayana daga ofis.

Sai ya karye.

Ƙarar ta girgiza gilashin, ƙura ta turnuƙe zauren, gutsattsarin ƙarfe suka yi ta zuba. Na dubi allo. Alamar ta tsaya ƙasa da ja, da ɗan abin da bai fi faɗin yatsa ba. Ɗakin ya kaure da tafi. Dogo ya cire hularsa yana fifita da ita. Sannu-Sannu ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "A kafaɗar ya tsage, daidai inda kika ce." A bakinsa wannan kirari ne. Ni dai ina zaune ina dariya hawaye na zuba, wani sanyi yana ratsa ni har ƙashi.

Baba bai tafa ba. Ya je jikin gilashi ya daɗe yana kallon fiffiken da ke reto a igiya, yana girgiza kai irin na wanda aka kawo masa agogon da mota ta taka. Da ya dawo na ce, "Ka yi haƙuri, Baba, na katse maka addu'a."

"Wa ya ce miki na katse?"

"Ai na ga ka sauke hannu."

"Hannu na sauke." Ya cire hular kwanon ya miƙo mini. "Cewa na yi, ya Allah, ni ban gane abin da yarinyar nan take nema ba, har yanzu ma ban gane ba. Amma kai ka sani. Ka ba ta."