Hannun da Mariamu Ta Riƙe

A shekarar 2001 ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a Agege, cikin Legas. Ni Chundung, 'yar Jos, ba Bahaushiya ba ce, amma ni kaɗai ke jin Hausa a wurin, don haka duk Bahaushen da aka kawo, ko ciwon haƙori ne, sai ka ji an ce a kira Sista Chundung.

Haka aka kawo mana Mariamu, 'yar shekara goma sha uku. Risho ne ya fashe mata, ya ƙone ta daga ciki har cinya. Uwarta Hajo, mutuniyar Maraɗi mai sayar da fura a bakin kasuwa, ita ta kawo ta, amma sai ta shimfiɗa tabarma a baranda ta zauna. Mariamu ce 'yar farinta. A al'adarsu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ni dai abin haushi ya ba ni, ban ɓoye ba.

Wankin ciwon ƙuna azaba ne. Likitanmu, wanda bai daɗe da dawowa daga Turai ba, ya zo da wata na'ura yana gwadawa: hula ce mai nauyi kamar ta 'yan okada, haɗe da kwamfuta. In an kifa wa mutum, ba ya ganin ɗakin, sai wata ƙasa ta ƙanƙara da yake ji kamar yana yawo a ciki. Hankali ya tafi can, zafin ya ragu. Mun yi masa dariya da farko, amma ranar da aka sa wa Mariamu ihunta ya koma nishi.

A rana ta uku, an kifa mata hular ke nan, sai ga Hajo ta leƙo.

"Sista, in an sa wannan abin, yarinyar nan ba ta ganin kowa?"

"Ba ta gani, Mama."

Ta cire takalmi ta shigo a hankali, ta kama hannun 'yarta. Mariamu ta ƙanƙame shi. Kafin a cire hular Hajo ta zame, ta raɗa mini, "Kar ki faɗa mata."

Kwana goma sha ɗaya muna haka. Mariamu ta ɗauka hannuna ne. Har zolayata take yi, wai hannun nas duk ya yi kanta kamar na mai daka. Wata safiya ta tambaye ni, "Anti, Inna ta taɓa shigowa kuwa?"

Na ce, "Tana waje." Na ji ba daɗi, amma a gidanmu an koya mini in an ba ka amana ka riƙe. Ta juya fuska bango, ba ta ƙara tambaya ba.

Ranar Laraba zazzaɓi ya rufe ta, ciwon ya ruɓe daga ciki. Alhamis da hantsi ta cika.

Bayan sadakar uku na hau danfo, motar haya, na je yi wa Hajo gaisuwa. Da mata suka ragu ta jawo ni kusa da ita.

"Sista, me ta ce da kika faɗa mata?"

"Faɗa mata me, Mama?"

"Cewa ni ce."

"Ai kin ce kar in faɗa."

Hajo ta dube ni kamar ba ta ji Hausar ba. Wata tsohuwa da ke gefe ta saki salati, ta ce ai haka uwa take cewa don kunya, na tsakani shi ke kai maganar a ɓoye, kowa ya san wannan. Ni ban sani ba. Shekara ashirin ina jin yarensu, ina taƙama da shi, ban sani ba.

Hajo ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "To, ba komai. Allah ya ba ki ladan jinya." Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta saki labule.