Hannu Ɗaya a Aljihu

Ranar da aka sa wa Baba batir a ƙirji, likita ya ce ya yi nesa da wutar lantarki. Ko 'yar fizga ce, zuciyar na iya rikicewa ta tsaya. Auta ta ji da kunnenta, don ita ta raka shi, ita ce kuma ke zaune da shi a gida. Baba kuwa a kan teburin gyaran rediyo ya tsufa. Ya saurari likitan kamar ana ba shi labarin wani.

Sai tsohuwar rediyonsa ta mutu. Irin ta da ce, mai kwalabe a ciki, waɗanda sai sun yi ja kamar garwashi kafin murya ta fito. Ya ce kwalba ɗaya ce ta gaji, amma ido ba ya gane wacce. Sai da alƙali. Haka yake kiran injin da ake dasa kwalba a kansa, allura ta nuna ja ko kore. Nasa ya daɗe da bayarwa. Ya hana Auta sakat har ta kai shi shagon Dogo mai tarkace, wanda a hannun Baba ya koyi aiki.

Dogo ya sauko da biyu. Ɗaya na ƙarfe ne, fenti duk ya kwaile. Ɗayan akwatin katako ne mai sheƙi, fuskarsa ƙarfe, wayarsa ta asali naɗe da zare.

"Mummunan nan na sake masa waya da hanji, Maigida. Kyakkyawan ban buɗe cikinsa ba. Ba na rantsuwa a kansa."

"Wanda ka buɗe shi ne abin tsoro," in ji Baba. "Na san hannunka. Kai da ka kusa ƙone mini shago."

"Har yanzu ba a yafe ba, Maigida?"

Baba ya sunkuya a kan kyakkyawan. Yana shafa katakon. Dogo ya duƙo wajen Auta ya yi ƙasa da murya. "Ƙanwata, kar ki bar shi da shi su biyu."

Kyakkyawan Baba ya ɗauka. Sharaɗin Auta ɗaya ne: ita za ta taɓa, shi ya zauna ya yi baki. Ya yarda da sauri, saurin da bai kwanta mata ba.

Da safe ta goge ɗakin, ta ɗora injin a kan tebur. Siminti bai gama bushewa ba. Baba ya dube ta sama da ƙasa, ya ce rigarta ba ta da aljihu. Ya sa ta ɗauko tsohon kwat ɗinsa na aiki, hannayen suka rufe mata yatsu sai da ta naɗe.

"Hagu a aljihu," ya ce. "Kar ki fito da shi ko ƙuda ya shiga miki ido. Wuta in ta shiga ta wannan hannu ta fita ta wancan, ta zuciya take bi."

Ta dubi ƙirjinsa. Shi ya dubi taga.

Yana faɗa tana murɗa maɓallai. Wannan na zafi ne, in ya wuce kima kwalbar ta ƙone nan take. Ta dasa ta farko, ta sa fulogi a bangon da ke bayan kujerarsa. Injin ya soma gurnani ƙasa-ƙasa, ƙaurin tsohuwar ƙura ya tashi. Wani ɗan jan zare ya bayyana cikin kwalbar. Ta danna maɓallin gwaji, allura ta hau kore ta zauna.

"Lafiyarta ƙalau. Cire ta da tsumma, tana ƙuna."

Ta biyu ma kore. A ta uku allurar ta tashi, ta koma, ta shiga rawa a tsakiya. Auta ta gyara yatsa a kan maɓallin, sai bayan hannunta ya gogi fuskar ƙarfen.

Wani abu ya bi ta har gwiwar hannu, kamar tururuwa sun taru sun cije ta lokaci guda. Ta janye. Bakinta ya cika da ɗanɗanon ƙarfe. Fuskar injin gaba ɗaya wuta ce, silifan roba da ke ƙafarta ne kawai suka sa abin ya tsaya a cizo.

Ta juya don ta faɗa masa. Ba ya kan kujera.

Yana tsaye a gefenta, ya sunkuya yana ƙanƙance ido ga allurar. Takalmansa na can ƙarƙashin kujera, inda yakan tuɓe su saboda kumburin ƙafa. Tafin ƙafarsa a kan ɗanyen siminti. Hannunsa na dama ya riga ya tashi, zai dafa fuskar injin ya ƙwanƙwasa gilashin, yadda ya yi duk rayuwarsa in allura ta yi gardama.

Fulogin yana bayansa. Hannunta na hagu ya sarƙe cikin yagaggen aljihu. In ta ce "Baba" ba zai tsaya ba. Kullum tana faɗa, a kan magani, a kan gishiri, har kunnensa ya daina ɗauka.

"Kai! Hannu!"

Daga bakinta ta fito, amma ba muryarta ba ce. Tsawar da yake daka wa masu koyon aiki ce, wadda ta sha ji tun tana ƙarama a bakin shago. Hannun Baba ya tsaya cak, saura kamar faɗin yatsa. Kafin ya san abin da ake ciki, hannun ya faɗa aljihun wandonsa.

Ta zagaya ta bayansa, ba ta yarda ko kwat ɗin ya taɓa shi ba, ta fizge fulogin. Gurnanin ya yanke. Jan zaren ya dushe a hankali.

"Ni kika ce wa kai?"

"Yana cizo, Baba."

Ya dubi injin. Ya dubi ƙafafunsa. Ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a ƙirji, gefen da batirin yake, ya tsaya yana saurare.

"Yana tafiya?" ta tambaya.

"Yana tafiya." Ya sauke hannun. "Ja ce. Na ga inda allurar ta nufa. Ta ukun ce mai laifin."

Auta ta ɗauki filaya daga tebur. Ta datse wayar injin daga gindi.

"Wannan ko makaho zai haɗa ta," in ji Baba.

Ba tsokana ba ce. Gaskiyar sana'a kawai ya faɗa. Gobe kuwa za ta tafi wurin aiki, gidan ya rage daga shi sai kayan aikinsa.

Ta rufe akwatin, ta rungume shi ta nufi ƙofa.

"Ki ce wa Dogo ya ba ki mummunan," ya ce a bayanta. "Ba sai kin faɗa masa dalili ba."

A bakin ƙofa ta waiwaya. Yana nan tsaye ba takalmi, hannun hagu a aljihu, yana kallon rediyon da bayanta ke buɗe, wayarta na reto kusa da bango.

Ta ajiye akwatin a ƙasa. Ta koma ta ɗauki rediyon ma.